Gafarar da Ta Ƙi Zuwa da Umarni: Nazarin Lamarin Wata Gwauruwa a Yankin Michika, 2014 zuwa 2020

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa 'yar ƙabilar Kamwe ce, daga wani ƙauye da ke gindin tsaunukan Mandara a ƙaramar hukumar Michika ta jihar Adamawa. An sakaya sunanta da na ƙauyen, an kuma sauya wasu ƙananan bayanai don kada a gane ta. A 2014 shekarunta sun kusa 40, tana da 'ya'ya 5, babban yana da shekara 16, autar kuma tana goye. Mijinta manomi ne, yana kuma da injin niƙa a ƙofar gida, wanda daga shi kuɗin cefane da na makaranta suke fitowa. Shi dattijo ne a ikilisiya, ita kuma mai ba da waƙa ce a Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya.

Ikilisiyarsu ita ce Ekklesiyar Yan'uwa a Nigeria, wato EYN, wadda aka kafa tushenta a Garkida a 1923. Tana cikin ikilisiyoyin da aka sani da riƙo da salama, tare da Menonawa da Kwekas. Tun daga makarantar Lahadi ake koya wa yaro cewa ba a rama mugunta da mugunta. Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, a wurinsu yana tafiya da wanke wa juna ƙafa, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa a Bisharar Yahaya sura 13, kuma ana sa ran mutum ya fara daidaitawa da wanda yake riƙe da shi a zuciya kafin ya zauna a jibin. Saboda haka wannan mata ta taso da sanin cewa gafara wajibi ce a kan mai bi.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da wata maƙwabciya Musulma, ita ma Kamwe. A wannan yanki ba abin mamaki ba ne a samu gida ɗaya, wa yana zuwa coci, ƙane yana zuwa masallaci. Matan biyu sun yi shekaru suna aika wa juna abincin Kirsimeti da na Sallah. Ɗan maƙwabciyar, saurayi mai kimanin shekara 20, ya taɓa yi wa mijin aiki a injin.

Satumba zuwa Nuwamba 2014: gudu biyu

Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a watan Agustan 2014, Madagali da Gulak suka biyo baya. Ranar Lahadi 7 ga Satumba mayaƙan suka shiga Michika. Mijin ya sa ta hau dutse da yara, shi ya tsaya zai kwance dabbobi ya biyo su. Bai biyo ba. Waɗanda suka ɓuya cikin dawa suka sauko daga baya sun shaida mata an harbe shi a ƙofar gida, kuma cikin waɗanda suka zo a kan babura har da ɗan maƙwabciyar, shi ne ya nuna gidan. Ba ta ga gawa ba, ba a yi jana'iza ba, ba a zauna makoki ba.

Ta kai yaran Mubi wurin dangi. Ranar 29 ga Oktoba Mubi ma ta faɗi, a rana ɗaya da hedkwatar EYN da ke Kwarhi, har shugabannin ikilisiyar suka koma Jos da aiki na wani lokaci. Ta sake gudu a ƙafa ta wajen iyakar Kamaru, daga can mota ta kawo su Yola a cikin Nuwamba.

Yola, ƙarshen 2014 zuwa tsakiyar 2015: abubuwa uku da aka gwada

Sun sauka a Jimeta gidan wani ɗan'uwan mijin, ɗaki 2, mutum ya fi 20. Abinci yawanci daga rabon da ake yi ne a harabar babban cocin Katolika na St. Theresa, inda Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijira ba tare da duba addini ba.

A nan alamun suka bayyana. Barcinta bai wuce awa 2 zuwa 3 a dare ba, kuma mafarki ɗaya ne yake maimaituwa. Ƙarar babur tana sa ta zabura. Kai yana sara mata kullum. Ta fara dukan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, abin da ba halinta ba ne. Ta daina waƙa. A sujada, idan aka zo Addu'ar Ubangiji aka kai wurin da ake roƙon gafara kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai ta yi shiru har a wuce.

Abu na farko da aka gwada nasiha ce. Kowa ya zo gaisuwa da maganar haƙuri, wasu su ƙara da cewa mai bi ba ya baƙin ciki irin na marasa bege. Wata Lahadi wani baƙon mai wa'azi ya ɗauko Matiyu 18, inda Bitrus ya tambayi sau nawa zai yafe, ya rufe da kiran duk wanda ya yafe wa makasan danginsa ya miƙe tsaye. Jama'a suka miƙe, ita ma ta miƙe don kada a gan ta a zaune. Daga ranar abin ya ƙaru, domin yanzu a ganinta ta yi wa Allah ƙarya a cikin ɗakinsa.

Na biyu, wata ƙawarta ta kai ta wani gidan addu'a a bayan gari. Aka ce ruhun ɗaci ne ya kama ta, aka yanka mata azumin kwana 7, alhali tana shayarwa kuma abinci sau ɗaya take samu a yini. A rana ta huɗu ta yanke jiki ta faɗi. Da aka koma da labari, amsar da aka ba ƙawar ita ce bangaskiyar matar ce ta yi ƙaranci.

Na uku magani ne. Ta fara da ƙwayar barci daga kemis, wadda ke kwantar da ita amma ta tashi kai ya yi nauyi. Bayan faɗuwar nan aka kai ta asibiti, aka gano hawan jini, aka ɗora ta a kan magani. Ciwon kai ya ragu sosai cikin wata guda. Mafarkin da zaburar da shirun da take yi a addu'a suna nan yadda suke.

Daminar 2015: komawa gida

Sojoji sun ƙwato Michika a ƙarshen Janairun 2015, amma yawancin mutanen ƙauyuka sai da ruwa ya sauka suka koma, saboda wanda ya rasa shukar bana ya san yunwar baɗi. Ta koma a watan Yuni. Rufin ɗakuna 2 ya ƙone, rumbu ba komai, dabbobi babu. An ƙona majami'a, ana sujada a ƙarƙashin rumfa.

Injin niƙan kuwa yana cikin gidan maƙwabciyar. Maƙwabciyar da mijinta, wanda tsoho ne, ba su gudu ba, sun zauna a ƙauyen duk tsawon mamayar. Ta ce janye injin suka yi suka rufe shi da zana don kada a kwashe. Ɗanta ya bi mayaƙan lokacin da suka janye, tun daga nan ba labarinsa. Mutanen ikilisiya kaɗan ne suka yarda da batun ajiyar, domin a wancan lokaci mutane da dama a Michika da Mubi sun dawo sun tarar da kayansu a gidajen waɗanda suka zauna, kuma duk wanda bai gudu ba ana yi masa kallon ɗan leƙen asiri, ko da shi ma an kashe masa nasa. Rashin yardar ya kai har kasuwar Michika ta rabu gida biyu, Kirista suna ci ranar Asabar, Musulmi ranar Lahadi.

Cikin wata guda da dawowarta mai unguwa da dattawan ikilisiya suka shirya zaman sulhu. Niyyarsu mai kyau ce, suna tsoron matasa ne. Aka zaunar da matan biyu, aka yi addu'a, aka ce su gaisa a mayar da inji magana ta wuce. Maƙwabciyar ta miƙo hannu. Gwauruwar ta ce, "Baba, ku bar mata injin. Abin da na rasa ba ya cikin gidanta." Ta tashi ta fita.

Bayan wannan zama ta daina zuwa Jibin Ubangiji gaba ɗaya, tana cewa ba za ta ci wa kanta hukunci ba. Babban ɗanta ya fara zama da 'yan banga, an kuma ji shi yana cewa wata rana gidan can zai kwana toka.

Farkon 2016: bitar kwana uku

Tun a 2015 EYN, da taimakon hukumar agaji ta Menonawa wato MCC, ta fara shirya bitar warkar da raunin zuciya a sansanoni da garuruwan da aka koma. An ɗauko tsarin ne daga wanda Kwekas suka soma a Ruwanda da Burundi a 2003 don waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi da yaƙin basasa. Kwana 3 ake yi, da mutum kimanin 20, a zauna a zagaye. Shugabar Zumuntar Mata ce ta sa sunanta, kuma ta amince ta je ne bayan an tabbatar mata ba za a sa kowa ya miƙe ya ce ya yafe ba.

Rana ta farko aka tambayi mahalarta abin da suke ji a jiki da zuciya tun bayan harin, ana rubutawa a allo. Rashin barci, faɗuwar gaba, mantuwa, saurin fushi, ƙin shiga mutane, kasa yin addu'a. Duk abin da take ɓoyewa sai ga shi yana fitowa daga bakin wasu, har da wani fasto da ya ce shi ma wata 6 ya yi yana wa'azi ba ya iya addu'a shi kaɗai a ɗaki. Mai jagora ya bayyana cewa haka jikin ɗan Adam yake yi bayan mummunan firgici, ga mai bi da wanda ba mai bi ba. Sama da shekara guda tana zaton ko hauka ce ke kama ta ko aljani.

Rana ta biyu ta rashi ce da makoki da fushi, kuma a nan aka fi daɗewa. Kowa ya ambaci wanda ya rasa da sunansa, da yadda yake, da abin da ya tafi da shi. Masu jagorar, waɗanda yawancinsu ma'aikatan ikilisiya ne, suka buɗe wuraren da ba a cika wa'azi a kansu ba. Zabura 13, inda Dawuda yake tambayar Allah har yaushe zai manta da shi. Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar yabo ta rufe ta ba. Littafin Makoki, kukan da aka yi wa Urushalima bayan an ƙone ta an kwashe mutanenta. Sai Yahaya 11, inda Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Aka ce wanda yake so ya shirya nasa kukan ga Allah, ya faɗi ƙorafinsa yadda yake. Ita ta yi nata da harshen Kamwe, da muryar kukan mutuwa irin ta gargajiya, ta tambayi Allah inda yake ranar da aka harbe bawansa, ta kuma ambaci sunan ɗan maƙwabciyar. Ba wanda ya katse ta, ba wanda ya gyara mata tauhidi. Wannan ne kukan farko da ta yi wa mijinta a gaban mutane.

Rana ta uku aka yi zancen amana. Aka zana bishiya biyu, ta yarda da ta rashin yarda, ana tambayar mene ne saiwar kowace, mene ne 'ya'yanta. Akwai wasan da ake ɗaure wa mutum ido wani ya ja shi. Ta yarda ta ja wata, amma ta ƙi a ɗaure mata nata, aka bar ta. Ta fita daga bitar ba ta yafe wa kowa ba, kuma mako 2 na farko barcinta ya ƙara lalacewa.

2016 zuwa 2018: abin da ya biyo baya

Wata dattijuwa daga cikin waɗanda aka horar don sauraro ta riƙa zuwa wurinta mako-mako, yawanci suna ɓarar gyaɗa ko tsinken wake. Aikinta ji ne, ba wa'azi ba. A cikin irin wannan hira ta gano abin da ya fi ci wa matar rai, wato ba ta san inda mijinta yake kwance ba.

Fasto ya bincika, amsar kuma tana bayan katanga. Maƙwabciyar da nata mijin su ne suka ja gawar da dare suka binne a bayan rumbu. Ba su faɗa ba a zaman sulhun farko saboda ba wanda ya tambaye su, kuma suna tsoron a ce da hannunsu a kisan. Bayan girbin 2016 aka yi sujadar jana'iza a wurin, da waƙoƙi da karatu da 'yan'uwan mijin, aka zauna kwanakin gaisuwa kamar yau aka yi rasuwar. Maƙwabciyar ta tsaya daga nesa. Gwauruwar ba ta yi mata godiya ba, har ta ce wa dattijuwar mai yiwuwa kunyar abin da ɗansu ya yi ce ta sa suka binne shi. Amma daga watan nan mafarkin ya ragu daga kusan kowane dare zuwa sau 1 ko 2 a mako.

A daminar 2016 ta samu iri da taki daga agajin ikilisiya, ta kuma shiga adashen gwauraye. Ta girbe abin da ya kai su kaka ta gaba, dukan yara ya tsaya.

A 2017 ƙaramin rukunin mata da take ciki suka bi labarin Yusufu a Littafin Farawa, sura bayan sura. Abin da ya tsaya mata shi ne Yusufu bai faɗa wuyan 'yan'uwansa ranar da ya fara ganinsu ba. Ya yi musu magana da kaushi, ya gwada su, ya koma gefe ya yi kuka, sai da ya ga Yahuza ya miƙa kansa a madadin Biliyaminu sannan ya bayyana kansa. Har a ƙarshen littafin bai fasa kiran abin da suka yi mugunta ba. Da aka haɗa da Romawa 12, inda aka ce ramako na Ubangiji ne, sai mai jagorar ta rarrabe musu abu uku da matar ta ɗauka ɗaya ne: sakin ramuwa daga hannunka, sake amince wa wanda ya cuce ka, da hukuncin da hukuma za ta yi. Na farko yana hannun wanda aka cuta. Na biyu sai mai laifi ya nuna ya canza. Na uku ba ya faɗuwa don an yi na farko. A da tana jin in ta yafe, ta ce jinin mijinta ba komai ba ne.

Ta fara sa maƙwabciyar a addu'a, ba yaron ba. Wajen ƙarshen shekarar ta aiki ƙanen mijinta ya ɗauko injin, ta gyara shi da kuɗin adashe. Bayan 'yan makonni maƙwabciyar ta aiko jikarta da kwanon dawa. Ta niƙa, ta karɓi kuɗinta kamar na kowa, ta ce wa yarinyar, "Ki gaida Inna." Ba a sake wani zaman sulhu ba.

A makon Ista na 2018 ta koma Jibin Ubangiji. Kafin nan ta je wurin fasto ta ce masa ta cire hannunta daga kan yaron, ta bar shi da Allah, amma in aka kawo shi kotu za ta faɗi abin da ta sani. Fasto ya ce babu abin da zai hana ta zama. Aka wanke mata ƙafa, ta wanke wa ta kusa da ita.

Janairu 2020: gwaji

A farkon Janairun 2020 aka sake kai hari Michika, aka sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, na ƙaramar hukumar. An kashe shi ranar 20 ga wata. Rashin barci da zabura suka dawo mata na kimanin mako 6. Wannan karon ta san abin da ke damunta, ita ta nemi dattijuwar da kanta, ba ta daina sujada ba, kuma ita ta ba da waƙa a taron addu'ar da mata suka yi. Maƙwabciyar ta shigo ta yi mata gaisuwar rashin, ta amsa.

Zuwa ƙarshen 2020 tana barcin awa 6 a yawancin darare, tana shan maganin hawan jini, tana faɗin Addu'ar Ubangiji gaba ɗaya. Ƙarar babur da dare har yanzu tana tashinta. Da maƙwabciyar akwai gaisuwa da ciniki da zuwa ta'aziyya, amma aika abincin biki bai dawo ba.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Ayoyin da aka karanta mata a Yola gaskiya ne, kuma su ne ta koma ta riƙe a 2018. Kuskuren yana wajen lokaci da hanya. An nemi gafara a bainar jama'a daga matar da ba ta binne mijinta ba, kamar a ɗinke gyambo da ruwa a ciki. Sakamakon shi ne aka ɗora mata laifi a kan rashi. Gidan addu'ar ya fi muni, domin ya sa jikin mai shayarwa cikin haɗari, da abin ya gaza kuma ya mayar da laifin kanta. Zaman sulhun 2015 zaman lafiyar unguwa ya nema, kuma ya fara da inji alhali tambayar kabari ce a gaba.

Bitar ma ba ita ta warkar da ita ba, duk da yadda ake yawan ba da labarin irin waɗannan taruka kamar a rana ta uku komai yake ƙarewa. Abin da ta yi shi ne ta cire mata tsoron hauka, ta kuma nuna mata cewa kuka da ƙorafi ga Allah suna cikin Littafi Mai Tsarki, don haka tana iya yin fushi ba ta fita daga bangaskiya ba. Sauran aikin na shekara 2 ne: mai sauraro da ba ta gaji ba, jana'izar da aka yi a makare, abinci a rumbu, maganin asibiti, da koyarwar da ta raba yafewa da amincewa. A ganina jana'izar ce ta fi kowanne nauyi, kuma ba ta ci kuɗin kirki ba. Haƙurin faston ma abin lura ne, shekara kusan 3 memba ba ta cin jibi bai sa ta a horo ba.

Inda aka gaza shi ne babban ɗan. Bitar da rukunonin da suka biyo baya mata da dattawa suka fi cika su, ba a shirya wani abu don samarin da suka ga abin da idonsu suna 'yan shekara 15 ko 16 ba. Bai ƙona gidan ba, kuma mahaifiyarsa tana ganin jana'izar ce ta hana. Amma ya bar zuwa sujada, ya koma Yola yana tuƙa Keke Napep, kuma in ya zo gida ba ya gaida maƙwabciyar. Zuwa ƙarshen 2020 ba wanda ya zauna da shi a kan mutuwar mahaifinsa.